Maganadisu Mai Sansano Iskar da Hanci Ba Ya Ji

A shekarar 1940 hukumomin tsaron Amurka suka tara masana kimiyya a Washington, suka jera musu matsalolin da ke ci wa soja tuwo a ƙwarya. Ɗaya daga ciki ta jiragen ruwa masu nutso ce: ana son na'urar da za ta faɗi yawan iskar oksijin da ta rage wa mutanen da ke kulle a ƙarƙashin teku. Linus Pauling, malamin kimiyyar sinadarai a Kalifoniya, ya tuna abin da Michael Faraday ya gano kusan shekara ɗari kafin nan, cewa maganadisu yana ɗan jan oksijin. Sai ya rataye wasu 'yan ƙwallayen gilashi guda biyu a jikin siririn zare tsakanin bakunan maganadisu. Idan oksijin ta yi yawa ta ture su su juya, idan ta ragu su koma. Arnold Beckman ya shiga ƙera na'urar, bayan yaƙi kuma ta isa asibitoci, inda ake auna iskar kwalabar jarirai bakwaini da ita.

Wannan dabara kusan oksijin kaɗai ta yi wa rana. Haidurojin da kabon monoksaid, iskoki biyun da ake matuƙar son ganowa da wuri, maganadisu bai ma san da zamansu ba. Shi ya sa masu binciken yau suka biyo ta bayan gida: a bar iskar ta taɓa wata siririyar shimfiɗar ƙarfe mai maganadisu, a zuba ido a ga yadda halin shimfiɗar zai sauya. Tunanin ya burge ni tun da na fara cin karo da shi. Amma burgewa daban, na'urar da za a kafa a bango a manta da ita shekara goma daban.

Me ya haɗa waɗannan iskoki biyu a magana ɗaya? Dukansu ba su da launi, ba su da wari. Haidurojin tana kama wuta idan ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar wuri, kuma ba ta daina kamawa sai ta wuce kashi 75. Tartsatsin da zai tayar da ita bai kai kashi ɗaya cikin goma na wanda tururin fetur ke buƙata ba, harshen wutarta kuma da kyar ido ke ganinsa da rana. Ƙwayarta tana cikin mafi ƙanƙanta a duk iskoki, don haka tana sulalewa ta mahaɗar bututun da gas ɗin girki ba zai iya bi ba. Gas ɗin girki ana zuba masa sinadari mai ɗoyi don hanci ya yi gargaɗi. Haidurojin da za ta shiga injin da ke mayar da ita lantarki ba a yi mata haka, saboda sinadarin yana ɗauke da farar wuta, ita kuwa farar wuta tana kashe filatinom ɗin da ke cikin injin. A Fukushima ta Japan, a watan Maris na 2011, haidurojin ce ta taru ta tarwatsa saman gine-ginen tukwanen nukiliya uku. A 2019, cikin 'yan makonni, tankin haidurojin ya fashe a Gangneung ta Koriya ta Kudu ya kashe mutum biyu, wata tashar shan haidurojin ta motoci kuma ta fashe a kusa da Oslo ta Norway.

Kabon monoksaid ba sai an je Japan ba. Ita ce hayaƙin janareta da aka tayar a baranda ko a lungun ɗaki saboda tsoron ɓarayi, ita ce kaskon gawayi da aka shiga da shi ɗaki aka rufe ƙofa da taga a tsakiyar hunturu, a wayi gari a tarar da iyali kwance kamar masu barci. Tana manne wa sinadarin jini mai ɗaukar oksijin da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200. Ƙa'idar Turai ta na'urorin gargaɗi na gida ta ce idan ta kai kashi 50 cikin miliyan a yi ƙara tsakanin minti 60 zuwa 90, idan ta kai 300 a yi ƙara kafin minti uku. A lura da tazarar: haɗarin gobarar haidurojin yana farawa ne a kashi 40,000 cikin miliyan, na gubar kabon monoksaid kuwa a 50. Duk mai cewa na'ura ɗaya za ta yi aikin biyun, ya ɗauko kaya masu nauyi.

Akwai wuraren da suke fitowa tare. A cikin man taransifoma, haidurojin alama ce ta tartsatsin lantarki a ciki, kabon monoksaid kuma alama ce cewa takardar da ta naɗe wayoyi ta fara cin zafi. Batirin litiyom da ke shirin kamawa da wuta yana fitar da su biyun kafin a ga hayaƙi. Haidurojin da aka tato daga iskar gas tana zuwa da ragowar kabon monoksaid, ƙa'idar duniya kuma ta ce wadda za a sayar wa motoci kada ragowar ta wuce kashi 0.2 cikin miliyan.

Na'urorin da ke kasuwa yanzu ba su gaza ba, amma kowace da tabonta. Akwai mai zaren filatinom da ake dumamawa zuwa wajen digiri 500 don ta ƙone iskar ta auna zafin; an ƙirƙiro ta ne a Ingila saboda ramukan kwal. Akwai ta sinadarin kuza da oksijin, wadda Naoyoshi Taguchi na Japan ya kai kasuwa a ƙarshen shekarun 1960. Tana da arha, amma ita ma sai an dumama ta, kuma tururin giya ko na turare ko na fenti duk yana iya ruɗa ta. Su biyun ba sa aiki sai da oksijin a wurin, kuma ajiye abu mai zafi da wayar lantarki a inda ake tsoron tashin wuta yana buƙatar sulke mai tsada. Ta uku ita ce mai ruwan sinadari kamar ƙaramin batir, wadda ke cikin yawancin na'urorin gargaɗi na gidaje. Tana da kyau ƙwarai wajen kabon monoksaid, sai dai tana tsufa cikin 'yan shekaru, kuma haidurojin na yaudararta. Wanda ya kafa ta kusa da baturan inbata masu ruwa, waɗanda ke fitar da haidurojin idan caji ya cika, zai sha tashi tsakar dare babu dalili.

Tushen sabuwar dabarar wani farin ƙarfe ne mai suna faladiyom. A 1866 Thomas Graham, ɗan Sikotlan, ya gano cewa yana iya shanye haidurojin da ta ninka girmansa kusan sau 900. Ƙwayar haidurojin, wadda tagwaye ce, tana sauka a fuskar ƙarfen ta rabe biyu, kowane ɓari ya kutsa cikin 'yan kafofin da ke tsakanin ƙwayoyin zarrar faladiyom ya zauna. Idan iskar waje ta tsarkaka, su fito su sake haɗewa su tafi. Duk wannan a zafin ɗaki yake faruwa, kuma babu wata iska da ke iya shiga ciki haka sai ita. Tun 1975 Ingemar Lundström a Suwidin ya yi amfani da wannan ya ƙera na'urar lantarki mai jin haidurojin, wasu kuma suka riƙa auna yadda ƙarfen ke ƙara hana lantarki wucewa idan ya sha.

Matsalar ita ce faladiyom zalla yana kumbura kamar waken da ya kwana cikin ruwa. Girmansa na ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100, kuma kumburin na zuwa ne farat ɗaya a daidai lokacin da haidurojin ta kai kashi 1 zuwa 2 na iska, wato daidai inda ake son awo mai kyau. Ya kumbura ya sace, ya kumbura ya sace, sai ya tsattsage ya ɓaɓɓako daga abin da aka shimfiɗa shi a kai. Maganin da aka samu shi ne gauraya shi da azurfa, zinariya ko nikel. To, idan dai za a gauraya, me zai hana a gauraya shi da ƙarfe mai maganadisu kamar kobalt?

Ga yadda ake yin shimfiɗar. Ana sa ɗan faifan silikon ko gilashi a cikin tukunyar ƙarfe a zuƙe iskar ciki ƙaf, sannan a saki 'yar iskar argon a kunna mata lantarki. Wani haske mai ruwan shuni ya tashi, ƙwayoyin argon su riƙa bugun dunƙulen kobalt ko faladiyom suna ɓantaro zarra ɗaya-ɗaya, su kuma su sauka a kan faifan. Mai aikin yana buɗe murfi ya ƙirga daƙiƙoƙi ya rufe. Kaurin abin da ya sauka ana auna shi da nanomita, wato kashi ɗaya cikin miliyan na milimita. Gashin kai ɗaya ya kai nanomita dubu hamsin zuwa dubu ɗari. Idan ka ɗaga faifan gilashin ka duba, hasken fitila na ratsa ƙarfen.

A wannan kauri, maganadisu yana da wani hali na musamman. Bisa al'ada, ƙarfin maganadisun shimfiɗa yakan kwanta ne a bisa faɗinta. Amma a 1985 Peter Carcia da abokan aikinsa a kamfanin DuPont suka nuna cewa idan aka jera kobalt da faladiyom hawa-hawa, kobalt ɗin bai kai nanomita ɗaya ba, sai maganadisun ya miƙe tsaye, yana nuna sama ko ƙasa. A mahaɗar ƙarafan biyu ne ake samun ƙarfin da ke tayar da shi. Ke nan ƙarfi biyu ke ja-in-ja, ɗaya na son kwanciya, ɗaya na son tsayuwa, kuma mai ƙira na iya zaɓar kaurin da za su yi kusan kunnen doki. A nan ne abu kaɗan ke rinjayar da sikeli. Faladiyom shi kansa saura ƙiris ya zama maganadisu, kuma idan ya zauna kusa da kobalt yakan ari ɗan ƙarfin maƙwabcinsa. Da haidurojin ta shiga, ilektron ɗinta na cike guraben da wannan hali ya dogara da su, kumburin kuma yana matse ko ja kobalt ɗin. Wanne ya fi tasiri, sauyin ilektron ko matsin kumburi? Masana sun daɗe suna muhawara, kuma amsar tana bin yadda aka gina shimfiɗar. Abin da ba a musu a kai shi ne sauyin na faruwa, kuma yana komawa idan iskar ta fita. Tun a 1997 ƙungiyar Björgvin Hjörvarsson a Uppsala ta nuna haidurojin na iya juya yadda hawa-hawan baƙin ƙarfe ke fuskantar juna a shimfiɗar da aka haɗa da banadiyom.

Saura a karanta sauyin. Hanya ta farko haske ce. John Kerr ya gano a 1877 cewa hasken da ya dawo daga fuskar maganadisu yakan ɗan murɗe. Wen-Chin Lin da ɗalibansa a wata jami'ar horar da malamai da ke Taipei sun yi shekaru suna amfani da wannan wajen kallon abin da haidurojin ke yi wa faladiyom da kobalt ko baƙin ƙarfe. Hanyar ta dace da ɗakin bincike, tana koyar da abubuwa da yawa, amma leza da madubai ba kayan kafawa a gidan mai ba ne.

Ta biyu ta fito daga Perth, a Jami'ar Yammacin Ostiraliya, inda Mikhail Kostylev da abokansa suka wallafa sakamakonsu a 2013. Maganadisun shimfiɗa yana da wani bugu nasa na kansa, sau biliyoyi a daƙiƙa, a zangon igiyoyin da wayar hannu da Wi-Fi ke aiki. Idan aka aika masa igiyar da ta dace da bugun, sai ya shanye ta. Haidurojin na gusar da wannan mizani, kuma ana iya auna gushewar daidai wa daida. Abin sha'awa a nan shi ne lantarki ba sai ya bi ta cikin shimfiɗar ba. A bisa tunani, ana iya barin ta cikin tulun gas, kayan karatun suna waje, muddin bangon ba na ƙarfe ba ne. Kuma sun nuna tana ci gaba da bambancewa har zuwa haidurojin mai yawan gaske, inda na'urori masu zafi suke ƙoshi su daina gane komai. Tsadar kayan igiyoyin ce cikas.

Ta uku ce nake ganin ta fi kusa da kasuwa. A 1879 Edwin Hall, yana ɗalibi a Jami'ar Johns Hopkins, ya gano cewa idan lantarki na bin tsawon siririn ƙarfe a gaban maganadisu, wani ɗan ƙarfin lantarki na bayyana a gefe da gefe. Ba da daɗewa ba ya ga cewa a baƙin ƙarfe abin ya ninka sau da yawa, domin maganadisun cikin ƙarfen da kansa ke karkatar da ilektron. Alexander Gerber na Jami'ar Tel Aviv da abokansa suka ɗauki garwayen kobalt da faladiyom, suka yanka shi siffar gicciye mai ƙafa huɗu, biyu na shigar da lantarki, biyu na awo. A 2017 suka nuna cewa idan aka zaɓi ƙarfin maganadisun waje da ya dace, sauyin da haidurojin ke jawowa a wannan awo ya zarce nesa ba kusa ba sauyin da ake gani a tsohuwar hanyar auna hana lantarki wucewa. Dalilin da ya sa nake ba ta fifiko mai sauƙi ne: masana'antu sun riga sun iya ƙera irin wannan gicciye da miliyoyi. Shi ne ke cikin wayar hannu yana nuna alƙibla, shi ne ke ƙirga juyin taya a mota.

Akwai wata fa'ida da ta shafi hanyoyin uku. Tsohuwar na'ura lamba ɗaya take bayarwa, ta hau ko ta sauka, ba ta san wace iska ta motsa ta ba. Shimfiɗar maganadisu kuwa tana da fuskoki da dama da za a auna a lokaci guda: ƙarfinta, inda ta fuskanta, yawan ƙarfin da ake buƙata kafin a juya ta, ga kuma hana lantarki wucewa. Idan iskoki biyu suka taɓa waɗannan ta hanyoyi daban, ana iya rarrabe su. Wannan ne begen da ya sa ake ambaton kabon monoksaid a wannan fage.

Sai dai a nan da sauran rina a kaba. Ba shakka kabon monoksaid tana son ƙarafa masu maganadisu. Ludwig Mond ya gano haka a 1890, bayan ya lura tana cinye famfunan nikel a masana'antarsa. Jininmu ma shaida ne: baƙin ƙarfen da ke cikinsa take kamawa, kuma a 1936 Pauling da Charles Coryell suka auna cewa jinin da babu oksijin maganadisu na ɗan jansa, amma da zarar oksijin ko kabon monoksaid ta kama shi sai jan ya ɓace. A kan shimfiɗu ma an gani. A Cambridge, ƙarshen shekarun 1990, ƙungiyar Tony Bland ta lura cewa ɗan abin da ya rage na kabon monoksaid a tukunyar gwaji ya isa ya juya maganadisun kobalt da aka shimfiɗa kan jan ƙarfe da kusurwa 90. A Tokyo, a 2002, an nuna tana taimaka wa maganadisun kobalt a kan faladiyom ya miƙe tsaye. Amma duk waɗannan a cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska aka yi su, a kan fuskar ƙarfe tsirara wadda babu abin da ya taɓa ta. Fito da tsiraran kobalt cikin iskar duniya, kafin ka ce kwabo oksijin ta rufe shi da tsatsa.

Bambancin yana da tushe. Haidurojin shiga ciki take yi, ta ratsa murfin faladiyom ta isa mahaɗar da ke ɓoye a ƙasa, don haka ana iya kare kobalt daga tsatsa ba tare da an toshe mata hanya ba. Kabon monoksaid a sama take tsayawa. Kafin ta yi tasiri dole maganadisun ya kasance a fili ko ƙarƙashin murfin da bai wuce 'yan zarra ba, kuma idan ta manne ba ta son sauka sai an ɗumama. Mafi muni, a kan faladiyom ita guba ce: tana mamaye wuraren da haidurojin ke sauka ta rabe, sai na'urar ta yi nauyin ji. Iskar farar wuta mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ta fi ta ɓarna. Saboda haka a ganina, a halin da ake ciki, kabon monoksaid ta fi zama abokiyar gabar wannan fasaha a kan abin farautarta. Wasu masu bincike sun koma ga ƙurar sinadaran ƙarfe da oksijin, irin aikin da Alex Punnoose ya fara a Boise ta Amurka a tsakiyar shekarun 2000, inda iskar ke ƙwace oksijin daga sinadarin ta sauya maganadisunsa. Amma wannan yakan buƙaci zafi, wato an dawo gidan jiya. Mai janareta da mai kaskon gawayi kada su jira wannan bincike. Na'urar gargaɗi mai batir tana kasuwa, tana aiki, kuma fitar da janareta nesa da taga ya fi kowace na'ura.

Ko a wajen haidurojin, ma'aunin da za a cika ba ƙarami ba ne. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta gindaya buri: na'ura ta amsa cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, ta auna daga kashi 0.1 zuwa 10 cikin 100, ta jure sanyin digiri 30 ƙasa da sifili da zafin digiri 80, ta yi shekara goma. Da yawa daga gwaje-gwajen shimfiɗun maganadisu an yi su ne da haidurojin da aka gauraya da naiturojin busasshiya. A iskar gaske akwai oksijin, wadda ke haɗuwa da haidurojin a fuskar faladiyom su zama ruwa, akwai laima, akwai ƙura da hayaƙi. Zafi kansa yana sauya maganadisu, har a kasa gane ko iska ce ta zo ko rana ce ta take. Ga kuma abin dariya: taransifoma, inda ake son na'urar, shi kansa maganadisu ne ƙato mai watsa ƙarfinsa ko'ina. Injiniyoyi na da magani, a kafa shimfiɗa biyu iri ɗaya, a rufe ɗaya ruf don iska kada ta taɓa ta, a riƙa cire awon wannan daga na waccan. Yana aiki, amma yana ƙara kaya da kuɗi.

Tsadar faladiyom ba ita ce damuwa ba, ko da yake Rasha da Afirka ta Kudu ne ke haƙo mafi yawansa, kuma farashin oza ɗaya ya haura dala 3,000 a watan Maris na 2022. Abin da shimfiɗa ɗaya ke ci bai taka kara ya karya ba. Damuwar ita ce abokan tsere ba barci suke ba. A 2019 ƙungiyar Christoph Langhammer a Jami'ar Chalmers ta Suwidin ta fito da na'ura mai amfani da haske da ƙananan ƙwayoyin faladiyom da zinariya, ta lulluɓe su da siraran robobi. Ta amsa cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, robar kuma ta bar haidurojin ta wuce ta tare kabon monoksaid. Babu abin da zai hana masu maganadisu aron wannan lulluɓi, kuma ina ganin dole su ara. Amma ranar da suka yi haka, sun zaɓi haidurojin ke nan sun sallama ɗaya iskar.

Idan fasahar za ta sami gindin zama, ba na tsammanin a bangon ɗakin girki za ta fara. Za ta fara ne a cikin bututu da tanki da injinan da ke raba ruwa da lantarki, inda babu oksijin da na'ura mai zafi za ta ƙone komai da ita, inda haidurojin ke kai kashi 50 ko 90 cikin 100, inda kuma kowace waya da aka huda bango aka shigar wata sabuwar kafar yoyo ce. Ƙasashen Turai na shirin cusa haidurojin cikin bututun gas ɗinsu na da, kuma wani zai buƙaci sanin kashi nawa ke wucewa a kowace mahaɗa, dare da rana, ba tare da ya buɗe bututun ba.